Wanseko: Ƙauyen Masunta Tsakanin Giwa, Kada da Rijiyar Mai

Hanyar da ta tashi daga Masindi ta nufi yamma takan bi da matafiyi cikin gonakin rake da masara da ayaba, iska na kaɗawa, har ya saki jiki ya ɗauka duk Yuganda haka take. Sai kwatsam ƙasa ta yanke a bakin wani gangare. Mota ta fara sauka tana kwana-kwana, kunne ya toshe, zafi ya tarye ka tun ba ka kai ƙasa ba. Can a gindin kwarin Tafkin Albert ne kwance, tsawonsa kimanin kilomita 160, faɗinsa wajen 30, shuɗɗan duwatsun da kake hangowa a hayi kuwa ƙasar Kongo ce. Daga nan sai ka karya dama ka bi gefen tafki ka yi arewa, ka wuce garin Buliisa, ka yi ta tafiya har hanya ta ƙure a bakin ruwa. Ka iso Wanseko ke nan.

Ba wani gari ne na a zo a gani ba. Layin shaguna ne masu rufin kwano, bukkokin ciyawa a bayansu, shanu masu dogayen ƙaho suna gantali cikin rairayi, sai kwatar da aka jere jiragen katako. Mazauninsa ne ya ba shi daraja. A gefen nan ne kogin Nilu, wanda ya baro Tafkin Biktoriya daga Jinja ya ratsa Tafkin Kyoga, yake rarrabuwa cikin fadama da tsibirai ya zube a Tafkin Albert. Ba ya ko zama ya huta. 'Yan kilomitoci kaɗan daga nan sai ya sake ficewa ta arewa, ya wuce Pakwach, ya shiga Sudan ta Kudu, ya doshi Khartum, ya bi ta ƙofar 'yan uwanmu Hausawa mazauna bakin Farin Nilu. Gabas da ƙauyen kuwa gandun namun daji mafi girma a Yuganda ne, faɗinsa murabba'in kilomita kusan 3,900, kuma a cikinsa ne matsirgar ruwan nan da ake kira Murchison take.

Masu ƙasa a nan Bagungu ne, mutanen tsohuwar daular Bunyoro, masunta masu kiwon shanu da noman rogo da auduga. Tare da su akwai Alur, waɗanda wasunsu ke hayin Nilu wasunsu ke Kongo, kuma jirgin fito na gwamnati yakan haɗa Wanseko da Panyimur a ɗaya gaɓar. A kwata za ka ji Lugungu, ka ji Alur, ka ji Suwahili, wani lokaci duk a bakin mutum ɗaya cikin ciniki ɗaya.

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara na tashi, saboda haka duk garin ruwan da na sauka kwata nake fara nufa kafin masauki. Abin da na tarar a Wanseko bai buƙaci tafinta ba. Ga giwan ruwa, ga karfasa, ga tsage da haƙoransa a waje, ga tarwaɗa, ga shemani da mutanen wurin ke kira angara, suna tsaga shi su barbaɗe da gishiri su shanya, a kai shi kasuwannin hayi da cikin Kongo. Har minjirya akwai. Masana kifi sun ce na Tafkin Albert 'yan gida ɗaya ne da na Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, domin a zamanin da, lokacin da Sahara ke da laima, ruwayen nan sun taɓa cuɗanya da juna.

Sai dai manyan kifayen ba su ne ke riƙe da kwatar ba yanzu. Mafi yawan abin da ake fitarwa daga tafkin a yau ƙanana ne iri biyu: ragoogi, wato kawararmu, da muziri, wanda bai kai ɗan yatsa ba. Da dare ake kama su. Jirage su fita da fitilu su ɗora a kan ruwa, kifi ya taru a ƙarƙashin haske, a zagaye shi da taru mai ƙananan ido. Idan dare ya yi duhu sai ka rantse wani birni ne ya tsiro a tsakiyar tafki. Idan farin wata ya fito kasuwa ta faɗi, domin kifi ba ya kula fitila. Da safe mata ke karɓar aikin, su baza shi a rana, su yi ta juyawa suna korar tsuntsaye, daga baya 'yan kasuwa su loda buhuna, wani na miya, wani na abincin kaji. Masu neman giwan ruwa da kalli ko mamari ba sa ga maciji da masu fitila. Suna cewa tarun nan ba ya zaɓe, yana kwashe 'ya'yan manyan kifi tare da abin da manyan ke ci. Masu fitila su ce ai manyan sun ƙare tun kafin su zo. Kowa da gaskiyarsa, tafki ne dai ya yi wa jama'a kaɗan.

A 2017 gwamnatin Yuganda ta damƙa wa sojoji aikin hana haramtaccen su a tafkunanta. Tun daga lokacin ana tara tarun da aka ƙwace a bakin ruwa a cinna masa wuta, a farfasa jiragen da aka ce ba su cika ƙa'ida ba. Mai jari ya sayi sabon jirgi da inji ya ci gaba, mai ƙaramin kwalekwale ya koma yaron jirgin wani. Wanda ya yi nisa cikin tafki yana bin kifi kuma yakan faɗa hannun 'yan bindigar Kongo, su ƙwace inji, wani lokaci su riƙe mutum sai an biya fansa. Gaba kura, baya siyaki. A 2020 ruwa ya ƙara musu da nasa: damina ta yi yawa, tafki ya cika ya tumbatsa, ya cinye gidaje da shaguna da mashigin jirgin fito, aka daɗe babu fito tsakanin Wanseko da Panyimur. Ga tsargiyar hanji, wadda gaɓar wannan tafki na cikin wuraren da ta fi ƙamari a duk ƙasar, domin yaro ba ya rabuwa da ruwa tun yana rarrafe.

Giwan ruwa da matsirgar Murchison suna da wani tarihi da ya kamata duk masunci ya sani. Shekaru aru-aru matsirgar ce ƙofar da ta tsare shi. Yana nan a Tafkin Albert da kogin da ke ƙasa, amma ba shi da hanyar haurawa, don haka Kyoga da Biktoriya ba su san shi ba, suka cika da ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifaye 'yan dangin karfasa da babu irinsu a ko'ina. A shekarun 1950 ma'aikatan kifi na mulkin mallaka suka ɗebe shi daga Albert suka tsallakar da shi sama. Ya yi shiru na wani lokaci, sai a shekarun 1980 ya mamaye Tafkin Biktoriya, nau'o'in kifi sama da 200 suka ɓace. A ɗaya gefen kuma aka samu masana'antun da ke fitar da tsokarsa zuwa Turai, da cinikin jakar iskar cikinsa da ake busarwa a kai Sin da tsada. Abin da dutse ya hana, bokiti ya yi shi cikin 'yan shekaru.

Daga kwatar Wanseko bakin kogin ba shi da nisa, amma mutumin ƙauyen ba ya tura jirginsa ya haura yadda ya ga dama. Akwai iyaka a kan ruwa, babu turke babu tuta, duk da haka kowane yaro ya san inda take. Ka tsallake ta da koma ka shiga gandu, jiragen sintiri na masu gadin daji su kama ka. Dalilin hanin ba na banza ba ne, domin fadamar bakin kogi nan ce mahaifar kifin tafki, kuma tun 2006 aka saka ta cikin jerin dausayin duniya da ake karewa. A can ne masu kallon tsuntsaye ke zuwa neman wani dogon tsuntsu mai launin toka, mai baki kamar takalmin katako, wanda kan tsaya ƙiƙam na tsawon lokaci yana dakon gaiwa. Amma a cikin wannan kogi da aka hana ɗan gari, baƙon da ya yanki takardar izini yana iya jefa ƙugiya a gindin matsirga, inda aka taɓa kama giwan ruwa mai nauyin fiye da kilo 100, ya ɗau hoto da shi, ya sake shi. Na fahimci hikimar abin. Na kuma fahimci dalilin da ya sa masunci ba ya dariya idan ana ba da labarin.

Baƙi ta Paraa suke hawa jirgi, a tsakiyar gandun, tafiyar kilomita kusan 17 zuwa gindin matsirga. Dorinai ne birjik a gefen ruwa, kunnuwa da hanci kawai a waje. Kadoji sun baje a kan yashi baki buɗe. Ɓauna ta kwanta cikin taɓo, giwaye sun sauko shan ruwa da 'ya'yansu a tsakiya. Kafin ka ga komai sai ka fara cin karo da dunƙulen kumfa yana gangarowa, sannan ƙara ta iso, sannan ka hango farin hayaƙi tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu.

Sai ka hau sama da ƙafa za ka san abin da ake faɗa. Kogin da ya zo da faɗinsa wajen mita 50, duwatsu ke matse shi cikin wata tsaga da ba ta wuce mita 7 ba, ya faɗo mita 43. Wanda ya san matsirgar Gurara ya san ruwan da ke shimfiɗuwa a kan dutse ya sauko da fara'a. Wannan shaƙe shi aka yi, yana tsalle yana komawa baya yana dukan bango, dutsen da kake tsaye a kai yana rawa a tafin ƙafarka. Magana ba ta jiyuwa sai da ihu, riga kuma ta jiƙe sharkaf ba tare da ka taɓa ruwa ba. A ƙasa kadoji ke jiran kifin da faɗuwa ta sumar. Can gefe akwai matsirga ta biyu, mai faɗi, da ake kira Uhuru, wadda ta kafu da ambaliyar 1962, shekarar da Yuganda ta samu 'yancin kai. Ambaliyar ce kuma ta tafi da 'yar gadar ƙafa da aka ɗora a kan tsagar, har yau gindinta na siminti yana nan.

Sunan Murchison kuwa na mutumin da bai taɓa ganin wurin ba ne. A 1864 Baturen Ingila Samuel Baker da matarsa Florence suka iso tafkin, suka biyo gaɓa cikin kwalekwale har Magungo, wani gari da ke bakin kogin a wannan yanki da Wanseko take yanzu. Mutanen wurin ne suka tuƙa su suka haura da su har gindin matsirga. Baker ya raɗa wa tafki sunan mijin Sarauniya Biktoriya, ya raɗa wa matsirga sunan Roderick Murchison, shugaban ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan. A shekarun 1970 Idi Amin ya mayar da ita Kabalega, bayan faɗuwarsa aka koma wa tsohon suna. Ko da Amin ne ya zaɓa, ni dai a ganina sunan ya fi dacewa. Kabalega shi ne sarkin Bunyoro da ya yi shekaru yana yaƙar Ingilishi har suka kama shi a 1899, suka kai shi tsibirin Sishel, inda aka kai Prempeh na Asante shi ma, ya rasu a 1923 a Jinja yana kan hanyar komawa gida. Cikin Turawan da suka fara takalarsa har da wani kyaftin mai suna Lugga, wanda ya yi aiki a Yuganda daga 1890 zuwa 1892 kafin ƙaddara ta kawo mana shi. Masu jagorar baƙi sun fi son labarin marubucin Amurka Ernest Hemingway, wanda jirgin samansa ya faɗi kusa da matsirgar a Janairun 1954, washegari jirgin da ya zo ɗaukarsa ya kama wuta a Butiaba, jaridu suka yi ta buga ta'aziyyarsa alhali yana raye. Labari ne mai daɗin ji, amma ba shi ne ya shafi mutanen Wanseko ba.

Abin da ya shafe su yana rataye a bishiyoyin gefen hanya, a kudancin gandun: 'yan ƙyallaye masu launin shuɗi da baƙi. Tarkon ƙudan tsando ne. Idan ka sauke gilashin mota a wurin za ka gane amfaninsu, don cizonsa har ta cikin riga yake shiga. Wannan ƙuda shi ya kafa gandun dajin Murchison, ba wani mai son dabbobi ba.

A farkon ƙarni na 20 ciwon barci ya ɓarke a Yuganda, ya kashe mutum fiye da 200,000 cikin shekara 20, mafi yawa a gaɓar Tafkin Biktoriya, ya kuma biyo Nilu ya iso nan. Maganin da ake da shi a lokacin, mai sinadarin arsenik, yakan makantar da wasu daga cikin waɗanda aka yi wa allurarsa. Gwamna Hesketh Bell ya yanke shawarar raba mutum da ƙuda ta hanyar kwashe mutum. Tsakanin 1907 da 1912 aka tashi jama'a daga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 13,000 a gaɓoɓin kogin nan biyu, ƙasar da yaƙin Kabalega ya riga ya rage mata mutane. Aka bar gonaki, aka bar makabartu, aka bar wuraren tsafi. Fajao, mashigin fito da ke ƙasan matsirgar, inda Winston Churchill ya yada zango a 1907, ya mutu murus. Shi wannan Bell ɗin, a 1909 aka ɗauke shi aka kawo shi ya zama gwamnan Arewacin Najeriya.

Da mutane suka tashi, daji ya rufe, dabbobi suka yaɗu. A 1910 aka ayyana kudancin kogin a matsayin wurin da aka hana farauta, a 1928 aka ƙara da arewacinsa, a 1952 aka mai da shi gandun ƙasa. An bar Bagungu sun dawo bakin tafki daga baya, amma cikin dajin ya tafi ke nan. Don haka idan na ji mai jagora yana gaya wa baƙi cewa ga Afirka nan yadda Allah ya halicce ta, hannun ɗan Adam bai taɓa ta ba, sai in ji abin ya tsaya mini a wuya. Dajin nan kufai ne. Akwai mutane a Buliisa da za su iya nuna maka da yatsa ɓangaren da kakanninsu suka yi noma.

Mu ma mun ga ciwon barci, kuma ya kamata a lura da yadda aka ɓullo masa a wurinmu. A ƙarshen shekarun 1930, a yankin Anchau na ƙasar Zazzau, sai aka juya dabarar. Aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan ke fakewa, aka haƙa rijiyoyi, aka tattara ƙauyuka a wuri ɗaya don yawan jama'a ya hana daji dawowa, aka gina sabon gari aka sa masa Takalafiya. Can ma ba da son ran kowa aka tashe shi ba, kuma aikin gayya na dole aka sa talakawa. Amma a Anchau ƙuda aka kora, ƙasa ta zauna hannun manoma. A Bunyoro manoma aka kora, ƙasa ta zauna hannun ƙuda, daga baya ta koma hannun giwa.

Giwayen kuwa sun yi yawa har suka zama annoba ga dajin kansa. A shekarun 1960 sun haura 14,000, suna ɓare bishiyoyi suna tuge su, kurmi ya koma fili, har hukuma ta harbe guda 2,000 don ragewa. Sai zamanin Amin da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya suka yi nasu ragin da bindigar soja, giwaye suka dawo 'yan ɗaruruwa, karkanda ta ƙare ƙaf a ƙasar a farkon shekarun 1980. 'Yan tawayen Joseph Kony suka hana arewacin gandun sakat har wajen 2006. Bayan an samu zaman lafiya ne dabbobi suka farfaɗo. Yau idan ka tsallaka arewa za ka ga garken maraya da kanki sun cika fili, raƙuman dawa irin waɗanda mafi yawan da suka rage a duniya a nan suke, da giginya ko'ina, wadda giwa ce ke shuka ta, ta haɗiye 'ya'yan ta kasayar da ƙwallon a wani wuri. Wannan farfaɗowa aiki ne na gaske, an kuma rasa rayukan masu gadi a kansa. Wanda ya san yadda namun dajinmu suka ƙare ba zai raina shi ba.

Tambayar ita ce wa ke biyan kuɗin. Baƙo daga waje yana biyan fiye da dala 40 a yini don shiga, kuma doka ta ce hukumar namun daji ta ƙasar, wadda aka kafa a 1996, ta mayar da kashi 20 cikin 100 na kuɗin ƙofa ga yankunan da ke maƙwabtaka da gandu. Ana ganin abin a ƙasa: ajujuwan makaranta, ɗakin shan magani, awaki, amya. Amma a lura, kuɗin ƙofa kawai aka ce. Na otal da na jirgi da na sauran izini ba sa ciki. Kuma kuɗin ta hannun ƙananan hukumomi yake bi a raba wa jama'a baki ɗaya, alhali giwa ba ta cin gonar jama'a baki ɗaya. Gonar mutum ɗaya take shiga, cikin dare ɗaya ta gama da rogon da zai ci shekara. Aji ba ya cika rumbu. Dorina ta kife jirgi, kada ya ɗauki mai ɗiban ruwa, ɓauna ta tare mai neman itace. Manoma na kwana a bukkar gona suna buga gwangwani, suna ƙona barkono da kashin shanu don hayaƙin ya kori giwa, a wasu sassan an haƙa ganuwa ko an ja waya mai lantarki. Dokar 2019 ta kawo biyan diyya ga wanda dabba ta kashe ko ta raunata ko ta ɓarnata wa amfani, ta kuma tsananta hukunci har ɗaurin rai da rai ga mai kashe dabbar da ke dab da ƙarewa.

Ba zan mai da mutanen gefen gandu waliyyai ba. Murchison na cikin wuraren da tarkon waya ya fi yawa a nahiyar nan. Daga tsohuwar tayar mota ake zare wayar, ko daga kebul ɗin babur, a ɗaura a hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, kuma da yawa cikin masu ɗanawar da kwalekwale suke shigowa da sunan su. Maraya ake nema, amma waya ba ta da ido. Za ka ga giwa da guntulen hanci, raƙumin dawa da kumburarriyar ƙafa, zaki mai ƙafa uku. A 2023 an nuna hoton tulin tarkunan da masu gadi suka kwaso cikin shekara guda, nauyinsu tan 12. Ba duka yunwa ba ce, akwai dillalan nama da ke sayen kaya a kai kasuwa. Sai dai yaron da sojoji suka ƙona wa taru a watan jiya, ba wuya dillali ya same shi a wannan watan.

Yanzu kuma ga babban maƙwabci ya tare. A 2006 aka tabbatar da ɗanyen mai a kwarin Albert, ganga biliyan 6.5 a ƙarƙashin ƙasa, wanda ake sa ran iya haƙo kimanin biliyan 1.4 daga ciki. Aikin da ya shafi wannan yanki sunansa Tilenga, kamfanin TotalEnergies na Faransa ke jagoranta tare da CNOOC na Sin da kamfanin mai na gwamnatin Yuganda. Shirin shi ne rijiyoyi sama da 400 a dandali kusan 30, guda 10 daga cikin dandalin a cikin gandun dajin kansa, arewa da kogi. Bututu zai bi ta ƙarƙashin Nilu ya kawo man matattarar da aka gina a Kasenyi, cikin gundumar Buliisa, inda ake sa ran ganga 190,000 a yini idan aiki ya kankama. Man yana da kauri, yakan daskare idan ya huce, don haka bututun da zai kai shi tashar Tanga a gaɓar tekun Tanzaniya, kilomita 1,443, sai ana ɗumama shi duk tsawon hanya. An fara haƙa a 2023.

Ba a rasa alheri ba. Kwaltar da ta iso Wanseko albarkacin mai ce, haka gadar da ta maye gurbin tsohon jirgin fito a Paraa, kuma wasu samari sun samu aikin gadi da tuƙi da leburanci. Kamfanin na cewa ƙasar da zai taɓa cikin gandun ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, ya kuma yi wa injin haƙarsa abin rage ƙara. Mazauna gefen daji da ƙungiyoyin kare muhalli kuwa suna cewa tun da manyan motoci da injuna suka shiga, giwaye sun fi fitowa cikin ƙauyuka, an kuma rasa rayuka. Giwa da tafin ƙafa take jin motsin ƙasa daga nesa, wannan sananne ne, saura a auna ko shi ne ke koro ta.

Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda doka ke da nauyi biyu. A 2019 wani kamfanin Afirka ta Kudu ya nemi izinin nazarin gina madatsar lantarki a matsirgar. Masu otal da kamfanonin yawon buɗe ido da 'yan boko na Kampala suka yi caa, masarautar Bunyoro ta sa baki, majalisar dokoki ta yi watsi da batun. Na ji daɗin haka, don asarar wurin nan ba ta da madadi. Amma dokin mai baki ya fi gudu. Ƙasar Bagungu mafi yawanta ta gado ce ta dangi, ta kiwo, babu takardar mallaka, kuma tun da aka ji ƙanshin mai masu kuɗi suka fara fitowa da takardun filayen da ba su taɓa kwana a ciki ba. Waɗanda aikin ya bi ta gonakinsu sun koka cewa an hana su shuka amfani mai daɗewa tun ranar da aka yi ƙidaya, kuɗin diyya kuma ya yi shekaru bai zo ba, da ya zo bai sayi fili irin wanda aka karɓa ba. Wasu suka ƙi sa hannu. A Disambar 2023 gwamnati ta kai gidaje 42 ƙara a babbar kotun Hoima, cikin 'yan kwanaki alƙali ya ba ta izinin zuba kuɗinsu a asusun kotu ta karɓi filayen. Manomin da giwa ta tattake wa rogo, shi kuma, sai ya nemo malamin gona ya kimanta ɓarna, ya samo sa hannun shugabannin ƙauye da na ma'aikatan gandu, ya cike takarda a aika Kampala, sannan ya koma gida ya jira wata da watanni.